Gidan da Aka Gina da Kuɗin Tsufanta

Wata rana na je jana'iza Zariya.

Mahaifin wani abokin aikina ne ya rasu. Ban san marigayin ba, ban taɓa ganin sa ba. Kun dai san irin zuwan nan da mutum yake yi don kada gobe a ce bai zo ba.

Da muka dawo daga maƙabarta aka zazzauna a kan tabarmi, ƙarƙashin rumfa, a ƙofar gida. Ni na nemi gefe kusa da hanya, yadda da an shafa fatiha zan sulale in kama hanyar Kano.

Sai ƙanin marigayin ya miƙe ya yi sanarwar da kowa ya sani. Ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi, don Allah ya zo ya same su, kada ya ji kunya, kada a bar bawan Allah da nauyi a kabari.

Kowa ya sunkuyar da kai.

Haka ake yi kullum. Tun da nake zuwa jana'iza ban taɓa ganin wanda ya ɗaga hannu ba. Masu bin bashin gaske sukan bari sai an yi sadakar uku, su zo a hankali su ja ɗan mamaci gefe.

A kusa da ni akwai wani dattijo. Farin kaftani mai guga, hula a zaune daidai, gemu fari tas. Irin dattijan da ko ba a gaya maka ba ka san sun yi koyarwa, domin ko a kan tabarma bayansu a miƙe yake.

Tun da aka yi sanarwar nan na lura carbin hannunsa ya tsaya.

Can sai ya karkato wajena, ya yi ƙasa da murya, ya tambaye ni wai idan mai bin bashin tana cikin gida tana takaba, wa zai miƙe a nan ya faɗa a madadinta.

Na ɗauka matar marigayin yake nufi. Na ce masa ni baƙo ne, ban san komai a kan gidan nan ba.

Ya ce shi ma ba gidan nan yake nufi ba. Nasa yake nufi.

To, ni kun san halina. In labari ya leƙo, hanyar Kano sai ta jira. Na gyara zama.

Sunansa Malam Haliru. Tsohon malamin sakandare ne, ya ajiye aiki. Marigayin sa'ansa ne, tare suka taso, kuma shekaranjiya kawai suka yi sallar asuba kafaɗa da kafaɗa.

Matarsa, Hajiya Kubura, ungozoma ce, ta yi aikin asibiti har ita ma ta yi ritaya. Bai faɗi sunanta da bakinsa ba, "mai ɗakina" kawai yake cewa. Daga baya na ji sunan a bakin wani.

Allah bai ba su haihuwa ba.

Ya faɗi wannan a taƙaice, ya wuce, ni ma ban tsaya a kai ba.

Ya ce sun shekara da shekaru a gidan haya. Duk sanda suka saba da unguwa sai mai gida ya turo cewa ɗansa zai yi aure, yana son gidansa. Su kwashe kaya a akori-kura, gado ya karye a hanya, madubi ya fashe, a sake sabon zama.

Akwai gidan da suka zauna wanda in damina ta sauka sai sun jera robobi a tsakar ɗaki. Ita ta dawo daga aiki a gajiye ta tarar da katifa a jiƙe.

Yana da fili da ya saya tun yana saurayi, amma albashin malami ba ya ɗaga gini. Ya je banki, suka karanta masa sharuɗɗa, da aka zo kan kuɗin ruwa ya ɗauki hularsa ya fito. Ya ce ba zai kwana a ƙarƙashin rufin riba ba.

Ita ce ta kawo shawarar.

A wurin aikinta ma'aikata suna da asusun ajiya na haɗin gwiwa. Duk wata ana yankar wani abu daga albashin mutum a zuba masa, ba ya taɓawa sai ranar da ya ajiye aiki, ko kuma in babbar larura ta taso. Tun tana sabuwar ma'aikaciya take zubawa. Abin da ta tanadar wa tsufanta ke nan, tunda ta san babu ɗan da zai riƙa kawo mata buhun shinkafa.

Ta ce a ciro a gina gida. Shi kuma duk ƙarshen wata ya riƙa mayar da wani abu cikin asusun nan, kaɗan-kaɗan, har ya cika kafin ta yi ritaya.

Ba kuɗin ruwa. Ba mai buga ƙofa. Bashin gidansu yana zaune a cikin asusun tsufanta, abin da ya biya kuma bai fita daga gidan ba.

Wallahi da na ji haka sai da na jinjina kai. Na ce a raina, kai, wannan dabara ta fi ta masu ɗaure wuya da laktaye. Har na fara tunanin yadda zan shigar da maganar a gidana.

Ya ga ina murmushi, ya ce in dakata, bai gama ba.

Ya ce shi ne ya sa sharaɗi guda. Kada kowa ya ji.

Kun san dalili, ba sai na ɓata muku lokaci ba. A majalisar unguwa, namijin da aka ce matarsa ce ta gina masa gida ya gama magana. Ko ra'ayi ya bayar a kan farashin taki, wani zai yi tari ya ce a bar mijin Hajiya ya huta.

Ya ce da ya gaya mata haka ba ta yi gardama ba. Cewa kawai ta yi rufin asirinsa ai nata ne.

Aka gina gida, ɗaki uku da falo da rijiya. Takardun fili da na gini duk da sunansa. Ranar tarewa aka yi walima, 'yan'uwansa suka cika gida, kowa yana sa masa albarka, ana cewa Malam Haliru ya yi abin maza. Ita tana madafi tana zuba wa baƙi abinci.

Shekarun farko ya biya. Ya ce ko ranar da albashi ya shiga ba ya wucewa.

Daga nan rayuwa ta fara shigowa. 'Yar wansa za ta yi aure, shi ne baffa, ba zai zo hannu rabbana ba. Aka tsallake wata guda. Ɗan ƙanwarsa ya samu jami'a. Aka tsallake wani. Kujerar Makka ta samu, abokai suka ce Malam kada ka bari ta wuce ka.

Duk wanda ya zo da buƙata yana da fuska, yana da murya, yana zaune a zaure yana jira. Asusu kuwa ba ya sallama.

Ita kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Ya ce sau ɗaya ya ɗauko maganar da kansa, yana inda-inda, yana cewa in sha Allahu wata mai zuwa. Ta ajiye masa kwanon tuwo ta ce a bar maganar, abinci zai huce.

Shi ke nan, aka bar ta. Ta huce tare da tuwon.

Sai ya yi ritaya, fansho ya zama yau a biya, gobe a ce a yi haƙuri. Ita ma lokacinta ya yi. Ranar da abokan aikinta suka karɓi ajiyarsu, wata ta buɗe kanti, wata ta sayi gidan haya, ita ta dawo da abin da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu kunun aya take haɗawa tana sawa a firji, masu shaguna suna zuwa su sara. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ga ciwon gwiwa, ita ce ke tsugune tana wanke robobi.

Ya ce ko wannan bai tayar masa da hankali ba yadda ya kamata, domin kullum yana gaya wa kansa ai gidan nasu ne su biyu.

Sai yau.

Yau da aka yi sanarwar bashi, ya ce sai ya ga kansa a cikin makara. Ya ga wannan rumfa a ƙofar gidansa. Ya ga wansa ya miƙe yana tambaya ko akwai mai bin Haliru bashi. Ya ga kowa ya sunkuyar da kai.

Ita kuma tana can ƙuryar ɗaki cikin mata, da carbi a hannu. Ba za ta ji sanarwar ba. Ko ta ji, ba za ta aiko ba. Matar da ta rufa masa asiri yana raye ba za ta tona shi yana kabari ba.

Ni ba malami ba ne, amma wannan lissafin ko ɗan islamiyya ya san shi. Bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado. In ba a ambaci bashi ba, gidan gaba ɗaya na mamaci ne. Matar da mijinta bai bar ɗa ba tana da kashi ɗaya cikin huɗu, sauran na 'yan'uwansa.

Kuma gida ba ya yankuwa huɗu a zauna a ciki. Sayarwa ake yi.

Wato tana gama takaba za ta fita daga gidan da aka gina da kuɗin tsufanta, ta koma neman haya da ciwon gwiwa da firjin kunun aya.

Tausayinta ya kama ni, matar da ban taɓa gani ba. Haushinsa ma ya kama ni, gaskiya, duk da furfurarsa.

Na yi irin ta 'yan boko. Na ce Baba ai abin mai sauƙi ne, a je wajen lauya a rubuta takarda a sa hannu.

Ya kalle ni irin kallon da malami yake yi wa ɗalibin da ya yi saurin ɗaga hannu.

Ya ce takarda za a yi, ba a ƙi ba. Amma takardar da ta fito daga ɗakin mace bayan miji ya mutu, ya san abin da za a ce. Za a ce ta mallake shi. Za a ce ta bari sai da ciwo ya ci ƙarfinsa ta sa shi ya dangwala hannu. Za a kai ta kotu tana takaba, a zubar mata da mutuncin da ta shekara tana tarawa.

Ya ce maganar sai ta fito daga bakinsa, yana tsaye da ƙafafunsa, a gaban wanda zai raba gadon.

Ya nuna min shi da haɓa.

A tabarmar gaba, kusa da Liman, akwai wani tsoho mai jiki, da rawani da sanda a gefe. Alhaji Mamuda, wansa uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi makaranta, shi ya nema masa aure. Malam Haliru ya ce har yau bai taɓa haɗa ido da shi ba in suna magana.

Kuma babu inda Alhaji Mamuda yake zuwa bai yi alfahari da gidan ƙaninsa ba.

Aka yi addu'a, aka shafa. Mutane suka fara neman takalma.

Malam Haliru bai motsa ba. Na ga ya sa hannu zai miƙe, ya fasa. Ya gyara hula. Ya ce min wataƙila ba yau ba, nan gidan makoki ne, bai dace ba, ya bari ya same shi a gida.

Ba hurumina ba ne. Amma na san irin wannan "a gida". Ita ce "wata mai zuwa" ta canza riga.

Sai ga ɗan marigayin, abokin aikina, ya zo wucewa ɗauke da takalman mahaifinsa da aka bari a bakin zaure, zai shiga da su ciki. Malam Haliru ya bi takalman da kallo har suka shige.

Ya miƙe.

Ya ce in taso in zo. Yana son a samu mutum guda wanda ba dangin kowa ba ne a wurin.

Na bi shi ina jin kamar ni ne zan yi maganar.

Ya je gaban wansa ya durƙusa, dattijo mai furfura, gwiwa biyu a ƙasa. Ya roƙi Liman da wasu dattawa biyu su ɗan dakata. 'Yan majalisar da suka riga suka sa takalma suka ga alamar magana, sai kowa ya fara neman abin da ya manta a kan tabarma.

Ya nemi afuwar kawo zancensa gidan makokin wani.

"Yaya, Liman, ku shaida. Gidan da nake ciki da kuɗin ajiyar mai ɗakina aka gina shi. Rance ta ba ni, ban biya ko rabi ba. In na riga ta, bashi ne a kaina, a fitar mata da haƙƙinta kafin a taɓa komai."



A bayana na ji wani ya yi ƙaramar dariya ta hanci, ya raɗa wa na kusa da shi "mijin Hajiya", sunan nan da Malam Haliru ya shekara ashirin yana gudu. Na tabbata ya ji, domin na ga wuyansa ya ƙara sunkuyawa.

Ni jira nake Alhaji Mamuda ya fashe da faɗa. Na zaci zai ce ƙaninsa ya kunyata gidansu a bainar jama'a, ko ya ce matar ce ta turo shi.

Bai yi ko ɗaya ba.

Ya kalli ƙasa, ya murza kan sandarsa. Sannan ya ɗago.

"Haliru, ai mun sani."

"Kun sani, Yaya?"

"Ni na kai ka aikin nan, na san albashinka. Tun ranar da aka kafa harsashi muka sani, ni da sauran 'yan'uwanka. Ka yi shiru, muka taya ka."



Tsohon ya ci gaba, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Amma tunda yau ranar gaskiya ce, bari in gaya maka. Da ka mutu ba ka faɗa ba, mu ma ba za mu faɗa ba. Raba gidan za mu yi."



Ba mugun mutum ba ne ya yi wannan maganar. Tsoho ne na sahun gaba, wanda ya riƙe marayu, wanda idonsa ya ciko da hawaye yana faɗa. Ya san gaskiya shekara da shekaru, kuma ya san zuciyarsa za ta samu hujjar da za ta kwanta a kai: ai mai gidan bai ce ba, ai takarda da sunansa take.

Liman ya ce gobe bayan azahar a haɗu a gidan, a kira ta, a ji daga bakinta, a rubuta a gaban kowa. Alhaji Mamuda ya ce shi zai fara sa hannu, tun yana da ran da zai sa.

Ya miƙa wa ƙaninsa hannu ya ce ya tashi, ƙasa ba ta yi wa gwiwar tsoho daɗi.

Ban tsaya sallama mai tsawo ba. Na shiga mota na kama hanya, ban kunna rediyo ba har na wuce Kwanar Ɗangora. Tunani nake yi a kan gidaje nawa ne a garuruwanmu aka rufa da sarƙar mace, da gonar gadonta, da adashinta, da ajiyar tsufanta, kowa ya sani, kuma kowa yana jiran mai gidan ya mutu bai faɗa ba.

Darasi:

Bashin da ya fi saurin mantuwa shi ne na wanda yake ƙaunarka, domin shi kaɗai ne ba zai zo ya tsaya maka a ƙofa ba.

In ka taɓa ajiyar tsufan wani ka yi rufi, ko da matarka ce, ko da mahaifiyarka ce, ka biya kamar yadda za ka biya baƙon da ba ya jin kunyarka. In ba ka iya biya ba, ka faɗa da bakinka, a gaban waɗanda za su raba kayanka, tun kana iya miƙewa. Sannan a rubuta.

Kada ka dogara da cewa mutane sun sani. Sanin mutane ba ya hana a sayar da gida.

Dariyar majalisa kwana biyu ce. Ita kuwa in aka fitar da ita, babu wanda zai yi dariya, kuma babu wanda zai ba ta ɗaki.

In ka san gidan da wannan labarin ya shafa, tura masa, ba sai ka ƙara ko kalma ba. In kuma gidanka ne, ajiye wayar ka shiga ciki, tana nan.